Kundin aikin pulin rijiya: roba da garin ƙarfe a gaban guduma

9 ga Nuwamba, 2024

Abin da muka sa gaba shi ne pulin rijiya, ƙafar nan mai kwari a tsakiya wadda igiyar guga ke bi ta kanta. Muna so mu zuba shi da robar tsofaffin bido maimakon itace ko ƙarfe. Na itace tsagewa yake yi, kuma itacen kirki ya yi wuya a ƙasar nan. Na ƙarfe tsada gare shi, ga cin igiya. Masu lambu a Miriya da Gidimuni suna nema, haka ma makiyayan Damargu da ke jan ruwa da raƙumi ko bijimi. Roba kuwa ba a rasa ta a Damagaram, daga Birni har Zango.

Mu uku ne: ni, da wani dattijon maƙeri mai shagon walda a Sabon Gari wanda duk muke ce wa Baba, da yaronsa da ke riƙe da injin sassaƙar ƙarfe. Shawarar Baba ita ce a zuba garin ƙarfe cikin narkakkiyar robar, tunda kullum share shi ake yi a zubar. Hujjarsa mai kama hankali ce. Roba zalla tana laushi idan rana ta buɗe, igiya mai ɗauke da rairayi kuma tana yi mata rami. Ni abin da ke damuna daban ne. Ba nauyin guga ke kashe puli ba. Yana mutuwa ne ranar da ya suɓuce daga gwafa ya faɗa kan simintin bakin rijiya, ko ranar da zoben guga ya taso da gudu ya make shi, ko dabba ta fizgi igiya farat ɗaya. Don haka kafin mu zuba puli ko ɗaya, sai mun auna yadda cakuɗar ke ɗaukar duka.

23 ga Nuwamba

Makon nan tantance roba muka yi. A gindin yawancin kayan roba akwai ƴar alama mai kusurwa uku da lamba a cikinta. Lamba 2 ita ce HDPE, polietilen mai tauri, wadda ake yin bido da ita. 5 ita ce PP ta kujeru da bokitai da yawa. 1 ta gorunan ruwa da lemo. 3 kuwa PVC ce ta bututu. Inda alamar ta goge, kwanon ruwa ke raba gardama: a yanki ɗan ɓalli a jefa. HDPE kusan giram 0.95 take a kowane santimita kubik, PP kusan 0.90, duka biyun tasowa suke yi. Robar gora da PVC sun kai wajen 1.4, sai su nutse. PVC ce ba ma so ko kusa da tandunmu, don idan ta ji wuta tana fitar da hayaƙin asid mai ƙona maƙogwaro, mai kuma sa mazubi tsatsa.

Mun tsaya a kan bidon man girki, rawayan nan mai lita 25. Duk wanda aka taɓa zuba wa fetur ko maganin ƙwari mun ƙi shi, tunda abin a kan ruwan sha zai zauna. Wanda ya sha rana har ya yi fari-fari shi ma ba ya shiga. Idan ka lanƙwasa ɓallinsa ka ji ƙas, ya riga ya mutu. HDPE da PP ba a haɗa su zubi ɗaya: ta farko tana narkewa wajen digiri 130, ta biyu sai wajen 165, kuma ko sun narke ba sa gauraya.

Wanki ne ya fi cin kuɗi. A garin da ake sayen ruwa bido-bido wajen ƴan ga-ruwa, wanke maiƙo ba abin wasa ba ne. Yaron Baba ya kawo dabara: a fara goge ciki da toka da rairayi, sannan ruwan sabulu kaɗan ya ƙarasa.

7 ga Disamba

Garin ƙarfe iri biyu muka samu a shagon. Akwai ƙurar da injin gurza ke fesarwa, baƙa mai laushi. Akwai kuma tsakin zarto da magagari, mai kaifi-kaifi da ake ji a yatsa. Ƙurar ba ƙarfe zalla ba ce, da ɓarɓashin faifan gurzar a cikinta. Maganaɗisun tsohuwar lasifika muka naɗe a leda muka riƙa bi ta kai. Ƙarfe ya manne, tsakuwa ta zauna, a zare maganaɗisun gari ya zube a faranti. Sannan aka tankaɗe da rariya, aka wanke maiƙon inji da alkol, aka shanya. Iskar hunturu ta yi mana rana, ba ta bar danshin da zai kawo tsatsa ba.

Masu zubin tukwane sun ba mu tsakin alminiyam na gogar tukunya. Na ware masa gwangwani mai murfi nesa da inda ake walda, na kuma roƙi Baba kada a taɓa share shi wuri ɗaya da ƙurar ƙarfe. Garin alminiyam da tsatsa idan suka haɗu suka kama, wutar tana haura digiri 2000. Da irin wannan haɗi ake walda layin dogo.

Sai lissafi. Ƙarfe giram 7.87 ne a kowane santimita kubik, roba 0.95, wato ya ninka ta fiye da sau takwas. Idan ka auna kilo ɗaya na gari da kilo ɗaya na roba, a sikeli rabi da rabi ne, amma a jikin abin ƙarfen bai cinye fiye da kashi 11 cikin 100 na wuri ba. Tsagewa kuwa ba ta san sikeli ba, ƙwayoyin da ta tarar a hanyarta ta sani. Saboda haka da wurin da garin ya cinye za mu riƙa lissafi: kashi 5, da 10, da 20. A sikeli wannan ya zama kusan kashi 30, da 48, da 67. Alminiyam, mai 2.70, kashi 10 nasa kashi 24 ne a sikeli.

28 ga Disamba

Injin gwaji ya tashi. Ba sabuwar dabara ba ce: Bafaranshen nan Georges Charpy ya fito da ita a 1901, Izod na Ingila kuma ya kawo tasa a 1903. Guduma ce mai lilo. Ana ɗaga ta zuwa tsayi sananne a sake ta, ta karya sandar gwaji da ke kwance a kan madogarai biyu, ta wuce ta hau ɗaya gefen. Da ba ta tarar da komai ba, da ta koma kusan tsayin da ta baro. Giɓin da ke tsakanin tsayin farko da na biyu, a ninka shi da nauyin gudumar, shi ne ƙarfin da sandar ta shanye kafin ta karye. Mai gautsi ba ta shan komai, guduma ta wuce abinta. Mai juriya tana rage mata hanzari ƙwarai.

Ƙa'idar da muka bi ita ce ISO 179, ta roba. Sanda milimita 80 tsawo, 10 faɗi, 4 kauri, tsakanin madogarai kuma milimita 62. Gudun gudumar lokacin da ta taɓa sanda ya zama mita 2.9 a daƙiƙa, wato ta faɗo daga tsayin santimita 43. Hannun tamu santimita 23 ne daga boris zuwa baki, ana ɗaga shi digiri 150. Kai biyu Baba ya ƙera: mai jul 2 (jul shi ne ma'aunin ƙarfin duka), wanda idan aka kwantar da hannun aka ɗora bakinsa a sikeli yake nuna kusan giram 475, da mai jul 1, rabin haka. Dalili kuwa, ƙa'idar ta ce abin da sanda ta shanye ya faɗa tsakanin kashi 10 da 80 na ƙarfin gudumar. Babbar guduma a kan sanda mai gautsi ba ta gaya maka komai.

Inda ya fi ba mu aiki shi ne daidaita nauyin hannu da na kai. Idan bakin guduma bai dace da cibiyar dukan ba, wato wurin da duka ba ya girgiza boris, wani kaso na ƙarfin yana tafiya cikin girgizar boris da ƙafafun inji, kai kuma ka rubuta shi a matsayin juriyar roba. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kaɗa lilon kaɗan a ƙirga. Mai santimita 23 ya kamata ya je ya dawo sau 50 cikin daƙiƙa 48. Baba ya yi ta rage kaurin hannun yana mayar da nauyi wajen kai har agogon waya ya yarda. An kafe gindin a daɓen siminti, an sa allura mai tsayawa inda lilon ya kai, a kan faifai mai digiri. Kowace safiya za a saki gudumar ba komai a gabanta, a rubuta abin da iska da boris suka ci, a cire shi daga kowane awo. Lambobin wannan inji na kwatanta sandunanmu da junansu ne, kuma abin da muke buƙata ke nan.

11 ga Janairu, 2025

Zubi. Ana yanka bido ƙanana-ƙanana, a baza a faranti cikin tandun lantarki a digiri 180. Idan ya narke ba ya zama ruwa, danƙo yake yi mai nauyi. Sai a barbaɗa gari, a ninke da sandar ƙarfe, a murza, a mayar tandu, a sake, har launin ya zama ɗaya ko'ina. Daga nan sai mazubi: faranti biyu masu kauri da ƙawanya ta milimita 4 a tsakani, a matse da kirik na ɗaga mota, a bar shi ya huce a matse. Robar da ba gari ita ma mun murza ta daidai da sauran, don zafi da murza su kansu suna rage wa roba ƙarfi, kuma ba na so a ɗora wa gari laifin tandu.

Falle mai gari yana hucewa da wuri, ba ya kuma kantarewa ko tsukewa yadda na zalla ke yi. Nan Baba ya yi gaskiya. Sai dai iska tana maƙalewa a ciki. Muna auna kowane falle mu raba da girmansa: mai kashi 10 ya kamata ya ba da 1.64, mai kashi 20 kuma 2.33. Wanda ya gaza sosai, kumfa ce a cikinsa, tandu zai koma.

Tsagar da ake yi wa tsakiyar kowace sanda, don karaya ta fara daga nan, ita ce aikin natsuwa. Zurfi milimita 2, kusurwa digiri 45, gindinta da ɗan zagaye na milimita 0.25. Da zarto ba za ta yiwu ba, don tsaga mai kaifi da mai dakushi ba sa ba da lamba ɗaya. Yaron Baba ya wasa haƙori guda na musamman, da shi ake yi wa duka. Kowane haɗi sanda goma, yadda ƙa'ida ta nema. Abin da ya rage bayan tsaga milimita 8 ne sau 4, saboda haka jul ɗaya da aka shanye kusan kilojul 31 ne a murabba'in mita.

25 ga Janairu

An fara karyawa. Da hantsi muka yi, lokacin da ma'auni ke kusa da digiri 23 da ƙa'ida ke so.

Roba zalla ba ta yarda ta rabu biyu ba. Yawancin sandunan lanƙwashewa suka yi, suka yi fari a bakin tsaga, suka bar ƴar fata riƙe da ɓangarorin biyu. Masu kashi 5 na tsakin ƙarfe su ma sun bar fata, amma allura ta wuce inda ta tsaya ɗazu da tazara mai yawa. Masu kashi 10 rabuwa suka yi biyu, abin da suka shanye bai kai rabin na zalla ba. Masu kashi 20 sai da muka koma ƙaramin kai. Ƙarar ma daban ce, ƙas, guntayen suka tashi har bakin ƙofa. Alminiyam ya bi sahu: a kashi 10 ba shi da wani bambanci na a-zo-a-gani da ƙarfe, in ban da sauƙin nauyi.

Na ari madubin mai gyaran agogo na duba bakin karaya. Na zalla fari ne, da zare-zare da aka ja har suka tsinke; cikin wannan ja ƙarfin dukan ya ƙare. Na kashi 20 kuwa toka-toka ne, ba zare ko ɗaya, cike da ƴan ramuka. A wasu ramukan ƙwayar ƙarfe na zaune tana ƙyalli, ko ɗigon roba babu a jikinta. A wasu ta fice ta bar gurbi sumul. Polietilen ba ta mannewa da ƙarfe. Abin da ke riƙe ƙwayar matsi ne kawai: idan suna hucewa, roba tana tsukewa fiye da ƙarfe wajen sau goma, sai ta damƙe shi. Wannan damƙa ta isa ga nauyin da ke zuwa a hankali. Idan duka ya zo, kowace ƙwaya mai kaifi ta zama mafarin tsaga, tsagogin su haɗu da juna tun robar ba ta sami damar miƙewa ba.

Baba ya daɗe yana juya guntu biyu a tafinsa.

"Malam, wannan fa ya fi nauyi, ya fi tauri. Ka ji ƙararsa a kan uwar maƙera?"

"Haka ne, Baba. Amma ku dubi inda allura ta tsaya."

"Na gani," in ji shi. Can ya ce, "Ai mu ma idan muka ba wuƙa ruwa ya yi mata yawa, kaifi ba a magana, amma ranar da ta faɗi ƙasa shi ke nan. Sai an mayar da ita wuta an sassauta."

Ya nemi a rage garin maimakon a watsar da shi gaba ɗaya. Na yarda, don akwai abin da ba mu auna ba tukuna.

2 ga Fabrairu

Mun ɗora sanduna marasa tsaga a kan madogarai, muka rataya musu nauyi iri ɗaya a tsakiya, muka bar su a rana. Ta zalla ta fi kowacce lotsawa, kuma da aka cire nauyin ba ta koma daidai ba. Mai kashi 20 da kyar ta motsa. Da aka ja igiya mai rairayi a kansu ma, zafin gogar ya fi saurin bazuwa a masu gari, tunda ƙarfe ya fi polietilen tafiyar da zafi sama da sau ɗari. Gari dai yana ba da tauri yana karɓe juriya. Saura mu gano ko akwai inda cinikin ke da riba.

22 ga Fabrairu

Ƙurar injin gurza, bayan an sake tace ta da ƙyalle, ta fi tsakin zarto kyau nesa. A kashi 5 sandunanta sun matso kusa da na zalla, bakin karaya da ɗan farinsa. Tsaki ƙwaya ce babba mai kusurwa, kowace kusurwa kuma tsaga ce da aka riga aka yi. Ƙura kuwa da yawanta narkewa ta yi a tartsatsi ta mulmule. Matsalarta taruwa wuri ɗaya. Duk sandar da ta ba da lamba mafi ƙasa a rukuninta, idan na duba sai in tarar da ƙullutun busasshen gari a bakin karaya, wanda roba ba ta ratsa ba. Shi ya sa nake rubuta mafi ƙanƙantar lamba kusa da matsakaiciya: daga wurin da ya fi rauni puli zai fashe.

Masana'antu sun daɗe da sanin wannan. Garin kalsiyam kabonet da suke zubawa a PP da polietilen, mai laushinsa ƙwayarsa wajen maikuron ɗaya ce, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma lulluɓe take da asid ɗin sitiyarik. A wannan ƙanƙanta, idan ta bazu daidai, saɓulewar ƙwaya daga roba tana buɗe ƴan ramukan da ke ba robar damar miƙewa, har juriya kan ƙaru maimakon ta ragu. Da rariya ba za mu kai can ba. Amma an kawo mana sitiyarik daga Kano, wajen masu sayar da kayan haɗa sabulu. Yana narkewa kusan digiri 70. Muka ɗumama gari muka juya shi da wajen kashi 1 na nauyinsa. Ƙullutai sun ragu ƙwarai, lambobin sandunan sun matso kusa da juna. Ba manne yake yi ba, raba ƙwayoyi yake yi. Mai mannewa da gaske shi ne polietilen da aka dasa wa wani sinadari mai suna maleyik anhaidarayid, kuma wannan ya fi ƙarfin aljihun mai lambu.

15 ga Maris

Azumi ya rage mana lokaci, da safe kawai muke aiki. Wani mai sayen tsofaffin robobi a Kasuwar Dole ya matsa mu gwada karyayyun kujeru, don sun fi bido araha. Mun zuba su dabam. Tun a zafin ɗaki PP ɗin ta fi HDPE gautsi, da gari ko ba gari. Da muka tsoma sanduna cikin ruwan ƙanƙara muka ɗora su da sauri, ta kujera tarwatsewa ta yi, ta bido kuwa ba ta canza sosai ba. Dalilin a jikin robar yake: PP tana sandarewa kusa da digiri sifili, polietilen kuwa sai a sanyin da ƙasar nan ba ta taɓa gani ba. Asubar Janairu a nan ba ta kai sifili, amma tana sauka ƙasa da 15, kuma da sassafe ake ban ruwa.

Ƙarfe ma yana da wannan hali. Cikin jiragen ruwan Liberty 2,710 da Amurka ta ƙera a yaƙin duniya na biyu, wasu sun tsage a ruwan sanyi na arewacin Atilantika, kuma Constance Tipper ta jami'ar Kambirij ta nuna cewa ƙarfen nasu ne ke komawa mai gautsi idan sanyi ya kai wani mataki.

Kujera dai ta fita daga lissafi. Garin jan ƙarfe da wani ya kawo shawara shi ma ba mu taɓa ba, don jan ƙarfe yana gaggauta lalacewar PP da polietilen a zafi, abin da masu yin wayar lantarki suka daɗe suna fama da shi.

12 ga Afrilu

Bazara ta shigo, ma'auni yana haura 40 da azahar. Mun maimaita awon a wannan zafi. Duk rukunan sun ƙara juriya, har masu kashi 10 suna barin fata, amma jerin bai canza ba: zalla a gaba, ƙura a bayanta, tsaki a ƙarshe. Lotsawa ce ta ƙaru, kuma nan ne zalla ta fi rauni.

Akwai abin da ya hana ni sakin jiki da sitiyarik. Idan ya haɗu da tsatsa yana iya zama sitiyaret na ƙarfe, wanda yana cikin sinadaran da ake zuba wa ledar da ake so ta rududduge a rana, tare da na manganis da kobalt. Wato abin da ya gyara mana awon yau yana iya zama mai cin pulin a hankali a ranar Damagaram, kuma guduma ba za ta nuna wannan a sabuwar sanda ba. Mun jera sanduna daga kowane haɗi a kan rufin kwano, wasu kuma a akwati cikin inuwa. Za a riƙa ɗauko kaɗan-kaɗan ana karyawa har bayan damina. Masu yin baƙin bututun ruwa na polietilen da garin baƙin kabon suke kare shi daga rana, kashi 2 zuwa 2.5. Shi nake so mu samu, ba gawayin murhu ba, wanda ƙwayarsa ta yi girma.

3 ga Mayu

Ga yadda pulin farko ya fito. Jikinsa da leɓɓansa biyu, inda ke fara taɓa ƙasa idan ya faɗi, HDPE zalla ce. A tsakiya an zuba robar a kan guntun bututun ƙarfe da Baba ya yi wa ƴan ƙusoshi na walda, ya goge kawunansu sumul, don kada ya juya a ciki. Shi zai hau sandar rijiya ya ɗauki nauyi da zafin juyi. Haɗin kashi 5 na ƙura, ba sitiyarik, ƙasan kwarin kaɗai ya shiga: siririn zobe inda igiya ke goga, wurin da duka ba ya kaiwa kai tsaye. Da yake roba ɗaya ce, zoben da jikin sun narke sun haɗe a mazubi. Duk wata kusurwa ta ciki an zagaye ta. Wanda ya ga abin da tsagar milimita 2 ke yi wa sanda ba zai bar lungu mai kaifi a jikin puli ba.

Don kwatanci mun zuba wani da kashi 20 na tsaki gaba ɗayansa. Muka sake su daga tsayin mita 2 a kan daɓen siminti, a kan leɓe. Mai tsakin ya ninka ɗayan nauyi har da ɗori, saboda haka da ƙarfi ninki biyu ya sauka, leɓensa ya ɓalle nan take. Ɗayan tsalle ya yi ya gangara, da ɗan tabo fari a gefe.

Wani mai lambu a Miriya ya karɓi biyu, mai zoben ƙura da wanda ba gari ko kaɗan, zai rataya su a rijiyoyi biyu masu kusan zurfi ɗaya. Na auna zurfin kwarin kowanne na rubuta, za kuma a duba ko ƙwayoyin da ke saman zoben suna tsatsa idan jiƙaƙƙiyar igiya ta bi ta kansu. Sharaɗin da Baba ya gindaya masa shi ne kada ya shafa musu baƙin mai, kuma idan ɗaya ya fashe ya tattara guntayen ya aiko, don bakin karaya muke son gani. Karyawa ta gaba ta sandunan kan rufi ce, farkon Yuni.